Martani: Ba Duk Guringuntsin Kunnen da Ya Fito Fili Ke Buƙatar Dashen Fata Ba

Kwanakin baya wani marubuci ya fitar da maƙala a shafin kiwon lafiya a kan abin da ya kamata a yi wa kunne idan an yanke sankarar fata daga jikinsa, guringuntsi ya fito fari fat a ƙasan raunin. Batu ne da ba kasafai ake taɓa shi da Hausa ba, don haka ya kyauta da ya ɗauko shi. Sai dai hukuncin da ya yanke bai tsaya a kan hujja ba, kuma idan majinyata da ma'aikatan asibiti suka ɗauke shi yadda ya faɗa, wasu za su cutu. Maganarsa ta tattaru a kan abu biyu. A ganinsa duk likitan da ya bar guringuntsi a buɗe ya yi sakaci, wajibi ne a rufe shi ranar tiyata, ko da dashen fata ko da janyo fatar da ke kusa a ɗinke. Sannan ya ce a ɗora kowane irin wannan majinyaci a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, irin su sifurofuloksasin, tun kafin a ga alamar ciwo. Barin rauni ya cike da kansa kuwa, ya ɗauke shi dabarar wanda ba shi da kayan aiki. A nawa ganin, barin raunin kunne ya cike da kansa ƙarƙashin kulawa magani ne cikakke, wanda ƙwararrun likitocin fata ke zaɓa da gangan alhali suna da duk kayan ɗinki a gabansu, kuma a sassa da yawa na kunne ya fi gaggawar rufewa aminci.

Tsoron marubucin yana da tushe, gara a fara da shi. Guringuntsin kunne ba shi da jijiyoyin jini na kansa. Abincinsa yana tsatsowa ne daga wani siririn tantani da ya lulluɓe shi gaba da baya, kuma ta gaban kunne fatar manne take da wannan tantani, kusan babu kitse a tsakani, shi ya sa wuƙa ba ta nisa take isa ga guringuntsi. Idan ƙwayar cuta ta shiga, musamman wadda ake kira Sudomonas, mugunya takan raba tantanin da guringuntsin, guringuntsin ya mutu, kunne ya tattare ya dunƙule, kuma gyaransa yana da wuya ƙwarai. Duk wannan gaskiya ne. Inda muka rabu da shi shi ne a kan abin da ke kashe guringuntsi. Bushewa tana kashe shi, matsi yana kashe shi, jini ko mugunya da suka taru suka raba shi da tantaninsa suna kashe shi. Rashin ɗinki ba ya cikin jerin. Guringuntsin da aka ɗebe fatar gabansa har yanzu yana samun abinci daga tantanin bayansa, kuma muddin ba a bar fuskarsa ta bushe ba, sabon jan nama zai taso daga gefunan raunin ya rarrafa ya rufe shi, fata ta biyo baya.

Akwai kuma wani abu da ya rushe dokar marubucin a daidai wurin da yake ganin an fi buƙatarta. Fatar da aka yanko daga wani wuri aka dasa tana zuwa ne ba tare da jininta ba. A kwanakin farko ruwan da ke tsatsowa daga ƙasan raunin take sha, daga baya ƙananan jijiyoyin jini su tsiro daga ƙasa su shige ta. Idan tantanin guringuntsi yana nan, dashen zai iya kamawa. Idan kuwa sankarar ta sa an kankare tantanin, aka bar guringuntsi tsirara, babu abin da zai ciyar da fatar. Za ta yi baƙi ta mutu, kuma matacciyar fata da aka ɗinke a kan guringuntsi ita ce mazaunin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Wanda ya bi shawarar a rufe ko ta halin ƙaƙa yana iya jawo ainihin ciwon da yake gudu, ga kuma rauni na biyu a inda aka yanko fatar.

Maganar cewa wannan dabarar marasa kayan aiki ce, tarihi ya ƙaryata ta. Frederic Mohs na Jami'ar Wiskonsin a Amurka, wanda ya ƙirƙiro hanyar yanke sankarar fata kaɗan-kaɗan ana duba kowane yanki a madubin likita tun shekarun 1930, yawancin raunukan da ya yi barinsu yake su cike da kansu, har da na kunne, kuma daga nan ne likitoci suka lura cewa da yawa suna warkewa da kyan gani fiye da zato. A 1983 John Zitelli ya fitar da nazarin da har yau ake koyarwa, inda ya nuna cewa kyan tabon ya danganta da siffar wurin. Raunin da ke cikin wuri mai kwari, kamar ƙoƙon kunne da sauran lungunansa, kusurwar ido ta ciki, lungun hanci da gefen goshi, yana warkewa da tabon da sau da yawa ya fi na dashe kyau. Raunin da ke kan wuri mai tudu, kamar ƙarshen hanci ko naɗaɗɗen bakin kunne, shi ne ke barin tabo mai nunawa. Dalilin a fili yake: rauni yana tsukewa yayin da yake warkewa, kuma a cikin kwari tsukewar tana bin siffar wurin, guringuntsin da ke kewaye ya riƙe kunnen kada ya karkace. Fatar dashe kuwa launinta da kaurinta ba safai suke dacewa da na kunne ba, sai ta zauna kamar faci.

Da a ce rufewa ita ce ke hana ƙwayoyin cuta, da raunukan da aka rufe sun fi tsira. Wani babban nazari daga Ostareliya da Anthony Dixon da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya bi tiyatar fata sama da 5,000 da aka yi ba tare da an ba da maganin kariya ba. Jimillar waɗanda suka kamu da ƙwayoyin cuta ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Amma a dashen fata, da kuma inda aka yanke wani yanki na kunne ko leɓe gaba da baya aka haɗa aka ɗinke, adadin ya haura kashi 8 cikin 100. Wannan ba ya nufin dashe mugun aiki ne. Abin da yake nunawa shi ne ɗinki yana da nasa haɗarin: yana ƙirƙirar rufaffen wuri da jini zai iya taruwa, yana sa zare a cikin nama, yana jan fata. Buɗaɗɗen rauni kuwa ruwansa yana fita, kuma ido yana ganin abin da ke faruwa a cikinsa kullum.

A kan maganin kariya ma an yi gwaji, kuma a kan kunnen kansa aka yi. A 2008 mujallar tiyatar fata ta Amurka ta wallafa gwajin da aka raba majinyata kusan tamanin masu raunin kunne da aka bari ya cike da kansa gida biyu, aka ba rabi lebofuloksasin tare da kula da rauni, rabi kuma kula da rauni kaɗai. Mutum ɗaya ne ya kamu a kowane ɓangare. Kafin wannan, a 2005, an gwada man jentamisin da man basilin zalla a kan raunukan kunne sama da 140, ba a sami bambanci na a-zo-a-gani ba wajen hana guringuntsi yin mugunya. Tun a 1996 ma wani gwaji a asibitin sojoji na Walter Reed, a kan mutane sama da 900 da aka yi wa ƙananan tiyatar fata, ya nuna man basilin bai gaza man basitirasin ba wajen hana ƙwayoyin cuta, kuma masu basitirasin ne aka samu wasunsu da ƙaiƙayi da borin fata. Marubucin zai iya cewa gwajin mutum tamanin ƙarami ne, ba zai iya gano ɗan ƙaramin amfani ba. Haka ne. Amma nauyin kawo hujja yana kan wanda ya ce a ba kowa magani, kuma shi bai kawo gwaji ko ɗaya da ya nuna amfanin ba.

Kuma maganin ba ruwan sha ba ne. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan dangin sifurofuloksasin da lebofuloksasin saboda kumburi da tsinkewar jijiyar agara, haɗarin da ya fi yawa ga waɗanda suka haura shekara 60 da masu shan sitiroyid, wato daidai rukunin da sankarar kunne ta fi kamawa a can. A 2018 ta ƙara gargaɗi game da tsagewar babbar jijiyar jini da ke fita daga zuciya. Suna kuma rikita aikin wafarin, maganin tsinka jini da tsofaffi da yawa ke sha. A wajenmu akwai ƙarin dalili. Lebofuloksasin na cikin magungunan da ake dogaro da su wajen tarin fuka mai bijire wa magani, sifurofuloksasin kuma shi ne kusan maganin sha ɗaya tilo mai sauƙin samu da ke cin Sudomonas. A ƙasar da kowa ke iya sayensa a kemis ba takardar likita, koya wa jama'a cewa kowane raunin kunne sai da shi, ɓarnatar da makamin ne tun kafin ranar da za a buƙace shi da gaske.

Amma hujjar da ta fi nauyi a wurina ba ta ƙwayoyin cuta ba ce, ta sankarar ce kanta, kuma ita marubucin ya tsallake baki ɗaya. An yi tiyatar ne don a raba mutum da sankara, kyan kunne ya biyo baya. Sankarar fata nau'in sikwamos da ta fito a kunne tana cikin waɗanda aka sani da saurin dawowa da bazuwa zuwa kaluluwar gaban kunne da ta wuya. Inda ake tiyatar Mohs, likita yakan duba dukkan gefe da ƙasan abin da ya yanke a madubi a ranar, majinyaci yana zaune yana jira, kuma ba ya rufe rauni sai ya ga gefunan sun fita tas. A wannan hali idan ya janyo fata ya rufe, ya san abin da ya rufe. Inda babu wannan hanya kuwa, kuma haka lamarin yake a mafi yawan asibitocinmu, naman da aka yanke ɗakin bincike ake aika shi, sakamako ya dawo bayan kwanaki ko makonni. Likitan da ya ɗaga fatar bayan kunne ya juyo da ita ya ɗinke a ranar ya yi kamar mai yaɓe bango bai duba ko akwai gara a ciki ba. Idan sakamako ya zo cewa da saura, ina sauran yake? An riga an motsa fata, gefen da yake sama ya koma wani wuri, kuma ragowar sankarar tana iya yaɗuwa a ƙarƙashin lafiyayyar fata watanni ba a gani ba, har ta shiga guringuntsi ko ramin kunne. Raunin da aka bari a buɗe kuwa gefunansa suna inda aka bar su. A koma a ƙara yanka daidai gefen da aka ce da saura abu ne mai sauƙi, kuma idan sankarar ta dawo daga baya, a kan siririn tabo za ta bayyana inda ido zai kama ta da wuri. Ko likitan da ya ƙuduri yin dashe bai yi asara ba idan ya jira: bayan mako biyu ko uku sakamako ya iso, jan nama ya shimfiɗu a kan guringuntsi, dashen ya fi samun abin kamawa.

Wannan ba maganar tsofaffin Turawa kaɗai ba ce. A ƙasashenmu waɗanda sankarar fata ta rana ta fi addaba su ne masu lalurar zabiya, kuma nau'in sikwamos ya fi kama su, a fuska da wuya da kunnuwa, sau da yawa tun suna samari da 'yan mata. Hularmu ta gargajiya ba ta rufe kunne, rana tana dukansa daga safe har yamma a gona da kasuwa. Irin wannan majinyaci ba sau ɗaya zai shiga ɗakin tiyata ba a rayuwarsa, kuma fatar da ke kewaye da raunin ita ma rana ta riga ta lalata ta. Duk fatar bayan kunne da aka kashe a kan raunin da zai iya cikewa da kansa, an rage masa abin da za a gyara shi da shi ranar da babban rauni ya zo. Ga kuma kuɗi: dashe ko juyo fata mai zango biyu yana nufin ƙarin lokacin tiyata, wani lokacin komawa a raba fatar bayan kamar mako uku, alhali da yawa daga cikinsu da ƙyar aka haɗa kuɗin yankan farko.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a ɓangaren marubucin shi ne na yanayi. Zai ce waɗancan gwaje-gwaje an yi su ne a inda ruwa yake da tsabta, asibiti yake kusa. Mu kuwa ga ƙura, ga zafi, ga hunturu mai busar da komai, ga nisa, kuma raunin kunne yakan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu ko fiye kafin ya rufe. Wannan ƙorafi ne na gaske. Amma ƙurar da nisan ba su bar dashe ba, shi ma yana buƙatar a ɗaure shi kada ya motsa, a dawo a kwance, a cire zare, kuma idan ya mutu a ƙauye babu mai gyara. Abin da buɗaɗɗen rauni yake nema kaɗan ne, ɗan uwa a gida zai iya koya: a wanke hannu, a wanke raunin a hankali da ruwan gishiri na asibiti ko tafasasshen ruwan da ya huce, a cika shi da man basilin mai tsabta har ya lulluɓe guringuntsin, a rufe da bandejin da ba ya mannewa, a maimaita kullum, kada a kwanta a kan wannan kunne, kada hula ko rawani ko ɗankwali su matse shi. Babban abokin gaba a nan shi ne abin da muka gada na cewa a bar ciwo ya sha iska ya bushe. Tun 1962 George Winter ya nuna a Ingila, a gwajin da ya yi a kan aladu, cewa raunin da aka rufe ya zauna da laima fata tana rufe shi kusan ninki biyu da sauri fiye da wanda aka bari ya yi ɓamɓaroki, kuma shekara guda bayan haka aka tabbatar da hakan a jikin mutane. Zuba sifirit ko aidin mai ƙarfi, ko fasa kafso a barbaɗa garinsa, duk suna ƙona sabon naman su busar da guringuntsi. Da marubucin ya juya alƙalaminsa kan waɗannan ɗabi'u, da ya ceci kunnuwa fiye da yadda dokarsa za ta ceta. Ko batun alwala bai kamata ya sa a riƙa kwance bandeji sau biyar a yini ba, tunda malaman fiƙihu sun halatta shafa a kan ɗauri ga mai rauni.

Idan kuma faɗin guringuntsin da ya tsiraita ya yi yawa har naman gefe ba zai iya rarrafowa ya rufe shi da wuri ba, likitoci suna da dabara tun kafin a kai ga dashe. Sukan huda ƙananan ramuka masu faɗin milimita kaɗan a guringuntsin, su ratsa zuwa naman bayansa mai jini, sai jan nama ya ɓullo ta ramukan ya haɗu da juna. A ƙoƙon kunne ma ana iya cire guringuntsin wurin ɗungurungum ba tare da kunne ya faɗi ba, a bar raunin ya cike daga fatar baya, ko a dasa fata a kanta inda za ta kama.

Ban ce kada a taɓa rufewa ba. Raunin da ya ci naɗaɗɗen bakin kunne har da guringuntsinsa zai bar giɓi idan aka ƙyale shi, kuma don irinsa ne likitocin fiɗa na Indiya, Antia da Buch, suka fito da hanyar janyo bakin kunnen a haɗa a 1967. Raunin da ya kewaye ƙofar ramin kunne zai iya tsuke ta ya taɓa ji. Raunin da ya huda kunne gaba da baya, ko kunnen da aka taɓa gasawa da hasken maganin sankara, ko majinyacin da ba shi da mai kula masa da rauni, duk suna iya buƙatar a rufe. Haka mai ciwon sukarin da bai daidaita ba ko mai raunin garkuwar jiki, likita na iya ganin dacewar ba shi magani tun farko. Waɗannan hukunce-hukunce ne da ake yankewa bayan an duba wurin raunin, an duba ko tantani yana nan, an san ko gefuna sun fita daga sankara, an san mutumin da gidansa. Marubucin ya share duk waɗannan tambayoyi ya maye su da doka ɗaya, sannan ya kira wanda ya tsaya yin su mai sakaci, abin da zai sa majinyaci ya ga farin guringuntsi a madubi ya ɗauka an cuce shi, ya ruga kemis ko wurin mai magani.

Abin da majinyaci ya fi buƙata shi ne ya san alamun da ke sa a koma asibiti ba jira. Ɗan ja a bakin rauni da ruwa mai ɗan rawaya-rawaya a kan bandeji ba abin tsoro ba ne. Ciwo mai ƙaruwa bayan kwana biyu ko uku maimakon raguwa, kunne ya kumbura ya yi zafi ya yi ja har lungunansa su shafe alhali tattausan naman ƙasa inda ake huda 'yan kunne bai taɓu ba, mugunya mai kore ko wari, zazzaɓi, waɗannan su ne alamun guringuntsi ya kamu. Wani lokacin kumburi ne kawai babu ƙwayar cuta, kuma magungunan kumburi irin su ibufurofen suna kwantar da shi. Likita ne zai bambance, ya ɗauki mugunya a kai gwaji idan akwai. Idan ƙwayar cuta ce, a nan sifurofuloksasin yake da aiki, a ba da shi cikakke, a fasa inda mugunya ta taru, a cire guringuntsin da ya mutu. Bayan rauni ya rufe kuma a ci gaba da zuwa ana duba tabon da kaluluwar wuya, a sa malafa mai faɗin baki da man kariya daga rana a kunnuwan biyu, domin wanda sankarar rana ta kama sau ɗaya yana cikin haɗarin ta sake fito masa a wani wuri.